MATSALAR PCOS GA MATA: WANE ƘARIN MAGANI NE KE TAIMAKO, WANNE NE ASARAR KUƊI?



Darasinmu na yau amsa ce ga wani bawan Allah da ya turo saƙo daga Fassi, a ƙaramar hukumar Kibiya. Ya roƙi a sakaya sunansa, kuma an sakaya. Ga abin da ya ce:

"Malam, shekararmu biyar da aure, Allah bai kawo rabo ba. Iyalina sai ta yi wata uku, wani lokaci huɗu, ba ta ga al'ada ba. In ta zo kuma sai ta kwashe sati biyu tana zuba. Gashi ya fara fito mata a haɓa, har ta daina shiga biki. Mun je Rano an yi mata hoto, aka rubuta PCOS a takarda. Daga nan zuwa yau na sayi kwalba ta kai bakwai, kuɗin waken da na sayar bara duk a nan suka tafi. Yanzu wata mai talla a waya ta ce in tura kuɗi ta aiko da na ƙasar waje. A gida kuma an fara yi mini maganar ƙarin aure a gaban idonta. Me zan yi?"

Malam, Allah ya ba ta lafiya, ya ba ku zuriya ɗayyiba. Abu na farko: kada ka tura kuɗin nan tukuna. Karanta wannan zuwa ƙarshe, ka karanta mata ita ma.

*Mece ce PCOS ɗin?*

Kowace mace tana da gidan ƙwai guda biyu, dama da hagu na mahaifa. Duk wata wasu ƙananan ƙwayaye suna fara girma a ciki, ɗaya ya fi sauran, ya nuna, ya fito. In ya haɗu da maniyyi a samu ciki, in bai haɗu ba bayan kamar sati biyu al'ada ta zo. To mai PCOS ƙwayayen suna fara girma, sai su tsaya a hanya, babu wanda ya kai ga nuna. Idan aka yi hoto sai a gan su jere a gefen gidan ƙwan kamar carbi. Ba ƙari ba ne da za a ce sai an yi tiyata, ba kuma daji ba ne. Ƙwai ne da bai ƙarasa ba.

Me ke tsayar da su? A wurin mata da yawa tushen abin yana wajen insulin, sinadarin da ke shigar da sukari daga jini zuwa cikin tsoka. Jikinsu ba ya jin maganar insulin sosai, don haka sai jiki ya riƙa ƙara fitar da shi da yawa. Yawan insulin ɗin nan shi ke tunzura gidan ƙwai ya riƙa samar da sinadarin maza fiye da kima. Kowace mace tana da wannan sinadari kaɗan, amma in ya yi yawa sai ƙwai ya ƙi nuna, gashi ya fito a haɓa da ƙirji, ƙuraje su cika fuska, gashin tsakar ka kuma ya riƙa zubewa. Baƙin nan da ke fitowa a bayan wuya da hammata, wanda ake ta dirza da soso ana cewa dauɗa ce, shi ma alamar insulin ne. Man bilicin ba ya cire shi.

Ba sabuwar cuta ba ce. Tun 1935 wasu likitoci biyu a Chicago ta Amurka, Stein da Leventhal, suka yi bayaninta a kan mata bakwai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mace ɗaya cikin goma masu shekarun haihuwa tana da ita, kuma har kashi 70 cikin 100 na masu ita ba su san suna da ita ba. Ke nan a layinku ma akwai wasu, shiru kawai ake yi.

Amma a lura, hoto shi kaɗai ba ya yanke hukunci. Ƙa'idar da likitoci suka amince da ita a Rotterdam a 2003 ita ce sai an samu biyu cikin uku: rikicewar al'ada, alamun yawan sinadarin maza, da wancan hoton na gidan ƙwai. Sannan sai an tabbatar ba matsalar maƙoƙo ba ce, ba kuma yawan sinadarin ruwan nono ba, domin su ma suna ɗauke al'ada, kuma maganinsu daban ne. Matar mai tambayarmu dai, bisa bayaninsa, ta haɗa duka ukun. Saura gwajin jinin.

Wani abu da ya kamata in faɗa a fili. A wajenmu in al'ada ta ɗauke wata uku, sai tsofaffi su ce ciki ne ya kwanta, a zauna ana jiran ya tashi. Wasu su ce sanyi ne, a yi ta shan maganin sanyi shekara guda. Wasu su ce sammu ne ko shafar aljani, a fara zargin kishiya ko facala. Addu'a da azkar ba a barin su ko da yaushe, lafiya ko ciwo. Amma tsinken gwajin ciki yana nan a kowane kemis, minti biyar ya raba gardama. In babu ciki, kuma an haura kwana 90 babu jini, a je asibiti. Dalili kuwa, bangon mahaifa yana ta kauri ba ya zubewa, wanda shi ne ke kawo ɓallewar jini daga baya, kuma in aka bar shi haka shekara da shekaru yana ƙara haɗarin dajin mahaifa. Likita na da ƙwayar da zai bayar jinin ya sauka. Wannan ba aikin shayi ba ne.

*To yanzu maganar kwalabe*

Waɗannan da ake kira safliment ƙarin sinadaran abinci ne, ba maganin warkewa ba. Duk wanda ya ce miki kwalbarsa tana kawar da PCOS gaba ɗaya cikin sati biyu, ko ta "wanke" gidan ƙwai, to kuɗinki yake so. Matsalar ana sarrafa ta ne, kamar yadda ake sarrafa hawan jini, kuma mata da yawa masu ita suna haihuwa lafiya lau. Sai dai a cikin kwalaben akwai masu ɗan amfani, akwai waɗanda ba a san matsayinsu ba, akwai masu cutarwa.

Wanda ya fi suna shi ne *inositol*, kuma ina kyautata zaton shi mai tallar nan take son ta aiko. Wani sinadari ne ɗan uwan sukari, jiki na yin nasa, ana kuma samun sa a wake, hatsi da lemon zaƙi. Aikinsa taimaka wa jiki ya ji maganar insulin. A yawancin binciken da aka yi ana ba da giram 4 ne a rana na nau'in myo-inositol, giram 2 da safe, giram 2 da yamma, tsawon wata uku zuwa shida. Wasu kamfanoni suna haɗa shi da ɗan uwansa D-chiro, kashi 40 da kashi 1. Wasu matan al'adarsu ta daidaita, sukarin jininsu ya yi kyau. Amma babban jagoran kula da PCOS na duniya da aka sabunta a 2023, wanda Jami'ar Monash ta Ostireliya ta jagoranta, ya ce hujjar amfaninsa ba ta yi ƙarfi ba tukuna: ba shi da wata illa babba, mace na iya gwadawa in tana so, amma kada a dogara da shi a matsayin maganin haihuwa.

Ga inda ake cin kuɗin mutane. Duba bayan kwalbar. Da yawa ƙwaya ɗaya miligiram 500 ce. Giram 4 kuwa miligiram 4,000 ne, wato ƙwaya takwas a rana. In an ce miki ki sha ɗaya da dare, to kashi ɗaya cikin takwas na abin da aka gwada kike sha, a kan kuɗi mai tsada. Kwalba mai ƙwaya 60 ba za ta kai kwana takwas ba in da gaske ake. Ka yi wannan lissafin kafin ka sayar da buhun wake.

Kuma akwai maganin asibiti mai suna metformin, wanda masu ciwon suga suka sani, da ke yin wannan aikin na insulin, an daɗe ana bincike a kansa, kuma ya fi inositol araha nesa ba kusa ba. Illarsa ita ce yakan ɗan ɓata ciki a farko, shi ya sa ake farawa da kaɗan, a sha bayan an ci abinci. Likita ne ke rubuta shi. Wadda ta daɗe a kansa a duba mata bitamin B12, don yana rage shi a hankali. In azumi ya zo a tambayi likita yadda za a raba shi tsakanin buɗa-baki da sahur.

Wanda ni na fi damuwa da shi kuwa, ba mai tallarsa, saboda ba riba a cikinsa: *folic acid*, 'yar ƙaramar rawayar ƙwayar nan da ake ba masu awo. Duk macen da ke neman ciki ta fara shan ta tun kafin cikin ya shiga, aƙalla wata ɗaya, in da hali wata uku. Ba ta kawo ciki. Aikinta kare ƙwaƙwalwa da lakar jariri, waɗanda ke haɗuwa cikin kwana 28 na farko. Ku duba fa, mai PCOS ta saba da ɓatan wata, za ta iya kai wata biyu da ciki ba ta sani ba, lokacin ya riga ya wuce. Abin da ake buƙata ga yawancin mata maikrogiram 400 ne a rana, mai ciwon suga ko ƙiba sosai likita kan ƙara mata.

*Bitamin D* ana yawan samun ƙarancinsa ga masu PCOS. Mutum zai ce mu da rana ke dafa mu a Kano ta Kudu, ina mu ina ƙarancin bitamin ɗin rana? To matar da take ɗaki daga safe zuwa yamma, in za ta fita ta rufe jiki, hasken bai taɓa fatarta ba, kuma baƙar fata ta fi jinkirin samar da shi. Gyaran ba ya buƙatar fita waje. Ta zauna a tsakar gida da hantsi, hannu da ƙafa a buɗe, kamar minti 20 zuwa 30, tana tsintar shinkafarta. In gwaji ya nuna ya yi ƙasa, likita ya ba da ƙwaya. Kada a sayi mai lamba 50,000 a riƙa sha kullum, wannan na sati-sati ne bisa umarnin likita, kuma yawansa na taruwa a jiki ya taɓa ƙoda.

Mai zubar jini da yawa irin matar nan a duba yawan jininta. In ya yi ƙasa a ba ta ƙwayar ƙarin jini, ta sha da lemon zaƙi ko ruwan tsamiya, kada ta kora da shayi, don shayi na hana jiki ɗaukar sinadarin. Man kifi mai omega-3 yana rage kitsen jini, amma kifin gwangwani ko kifin ƙanƙara sau biyu a sati ya wadatar. Man hantar kifi kuwa mai neman ciki ta bar shi, yana da bitamin A da yawa. Akwai kuma wani mai suna berberine da ya fara yawo a talla, an hana mai ciki da mai shayarwa, ke nan mai neman haihuwa ba nata ba ne.

*Namu na gida*

Nan ne aka fi yi mini tambaya, kuma zan faɗi abin da aka gwada da iyakarsa.

Na'a-na'a. An yi ɗan bincike a Turkiyya a 2007, sannan a Ingila a 2010 a kan mata 42 masu PCOS, wasunsu suka riƙa shan shayinsa kofi biyu a rana tsawon kwana 30. Sinadarin maza ya ragu a jininsu. Gashin fuskar dai bai nuna canji a awo ba, don wata ɗaya ya yi kaɗan, gashi yana ɗaukar wata shida ko fiye kafin a ga bambanci. Abu ne mai sauƙi, ana iya shuka shi a tsohon bokiti kusa da randa. Ganye cikin tafin hannu, ruwan zafi kofi ɗaya, a rufe minti goma. Ba sukari. Gashin da ya riga ya fito shayi ba zai zubar da shi ba, sai a cire, kuma aski ba ya ƙara masa kauri kamar yadda ake faɗa.

Kirfa. A Jami'ar Columbia ta Amurka, a 2014, an raba mata 45 gida biyu, aka ba wasu giram 1.5 a rana na wata shida, kuma al'adarsu ta fi zuwa a kai a kai. Sai dai 17 ne kawai suka kai ƙarshen binciken, don haka ba hujja ce mai nauyi ba. Giram ɗaya da rabi kamar rabin ƙaramin cokali ne. Kada a wuce haka, domin kirfar da ta fi yawa a kasuwanninmu tana da wani sinadari da yawansa ke wahalar da hanta.

Hulba tana sauke sukarin jini kaɗan, ƙaramin cokali a dafa a sha ba laifi. Amma da zarar ana zaton ciki a ajiye ta, kuma mai shan metformin ta sanar da likita kafin ta haɗa. Habbatus sauda falalarta ta tabbata a hadisin da ke cikin Bukhari da Muslim, ba mai ja da wannan. Sai dai hadisin bai ce a sha rabin kwalbar mai a rana ba, bai kuma hana zuwa wajen likita ba. Rabin ƙaramin cokali na garin ko na man ya isa, mai ciki kuma ta tsaya a ɗan abin da ake barbaɗawa a abinci. Zuma waraka ce, amma ga wadda jikinta ke faɗa da sukari, cokali ɗaya ne, ba a cika kofi ba. Haka dabino, biyu zuwa uku.

Kada a haɗa su duka rana ɗaya. A ɗauki ɗaya ko biyu, a yi wata uku, a riƙa rubuta ranar da jini ya zo da ranar da ya ɗauke a bayan kalanda. In ba a rubuta ba, ba yadda za a san abu ya yi aiki ko bai yi ba. Wannan takardar kuma za ta yi amfani wajen malamin fiƙihu, saboda jinin da ya zarce kwana 15 a mazhabar Malikiyya ba haila ba ne, jinin ciwo ne, ana wanka a ci gaba da sallah. Mata da yawa suna barin sallah wata guda cur a kan rashin sanin wannan.

*Abin da za a fitar daga ɗaki yau*

Maganin ƙiba, wanda ake kira sha-ka-fashe. Da yawansu dexamethasone ne a ciki, wani lokaci a narka shi cikin haɗi a ce na gargajiya ne. Yana ɗaga sukari, ya kumbura fuska, ya rikita al'ada, ya ƙara gashi da ƙuraje. Wato duk abin da PCOS ke yi, shi ma yana yi, sai a haɗu a yi wa mace taron dangi. Wadda ta daɗe tana sha kada ta yanke rana ɗaya, akwai haɗari, ta gaya wa likita gaskiya ya sauke ta a hankali.

Sai haɗe-haɗen gyaran jiki da ake cika wa sukari, mazarƙwaila da madarar gwangwani, a ce a sha safe da dare. Sai shayin rage teɓa, wanda galibi maganin gudawa ne kawai. Sai duk kwalbar da ba a rubuta abin da ke ciki ba. Lambar NAFDAC ma a fahimce ta: a maganin gargajiya, wadda ta ƙare da harafin L tana nufin an duba ba a ga cutarwa ba, ba ta nufin hukumar ta tabbatar yana warkar da abin da aka rubuta a jiki.

Kuma don Allah a daina sayen Clomid a kemis saboda wance ta sha ta haifi tagwaye. Maganin sa ƙwai ya nuna ne na gaske, amma ana shan sa a ranakun da aka ƙayyade, ana bibiya da hoto, kuma ba a yin ta maimaita shi wata da watanni. Yanzu ma letrozole ne likitoci ke fara bayarwa ga mai PCOS, ya fi shi kawo haihuwa.

*Abin da ya fi kwalabe duka*

Ga wadda take da ƙiba, rage kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyinta kan dawo da al'ada da nunar ƙwai. Mai kilo 80 ke nan ta sauke kilo 4 zuwa 8, a hankali cikin wata shida. Siririya ma tana iya samun PCOS, ita ba ramewa ake nema mata ba, gyaran abinci ne da motsi.

A nan mutanen Fassi da Kibiya da Rano kun fi na birni sa'a, abin yana rumbunku. Tuwon dawa ko na gero da ba a surfe ya yi fari tas ba, wake, ɗanwake, awara, gyaɗa, riɗi, kwaɗon zogale da na rama, miyar kuka da kuɓewa, ƙwai, fura da nono ba sukari. Abin ragewa shi ne lemon kwalba, shayi mai cokali huɗu na sukari da burodi, farar shinkafa da taliya a cika faranti ba ganye ba wake. A rage tuwon, a ƙara miya da ganye. Sannan tafiya da sauri minti 30 a rana, kwana biyar a sati. In fita ba ta yiwuwa, zagayen tsakar gida da daka da shara duk motsi ne. Maigida, kai ke cefane. Ba daidai ba ne ka shigo da lemo da biskit sannan ka ce ta ƙi ramewa. Ku ci iri ɗaya, kai ma jikinka zai gode maka.

Mai PCOS ta riƙa gwada suga da hawan jini lokaci-lokaci ko ba ta jin komai, musamman kafin ɗaukar ciki da kuma in ya shiga, don ta fi sauran mata kusa da ciwon suga.

Na dawo gare ka, ɗan uwa na Fassi. Ku koma asibiti da takardar hoton da kwalaben nan bakwai a leda, likita ya ga abin da ta sha. A yi gwajin ciki, suga, maƙoƙo, sinadarin nono da yawan jini. In ana buƙatar ƙwararren likitan mata, ku nemi takardar turawa zuwa Kano, Asibitin Malam Aminu Kano ko na Murtala. Kuma kai ma a gwada maniyyinka, tun kafin a ɗora ta a kan maganin haihuwa. Shekara biyar ita kaɗai ake ta ɗura wa magani, alhali a gidaje da yawa matsalar daga namiji take, ko daga su biyun.

Maganar ƙarin aure kuwa, wannan tsakaninka ne da iyayenka, amma ka roƙe su cikin ladabi su daina yin ta a gabanta. Masu wannan lalura sun fi sauran mata faɗawa damuwa da ƙuncin rai, likitoci ma an umarce su su riƙa tambaya a kai. Matar da ta daina shiga biki saboda gashin haɓa, ta riga ta ji a jikinta ba sai an ƙara mata ba. In ka ga ta daina barci, ko ta daina cin abinci, ko tana yawan kuka ita kaɗai, shi ma a faɗa wa likita a wannan zuwan.

Folic acid ɗin dai ka biya kemis ka sayo mata yau, ta fara daren nan. Bayan kun dawo daga asibiti ka turo mana abin da aka ce.

Wassalamu alaikum.